Famfunan Mai Uku a Adakar Kawu

A shagon zauren Kawu, ƙanin mahaifiyata, akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe da ba ya yarda yara su buɗe. Babu kuɗi a ciki, babu takardar gona. Sifanu ne da suka yi baƙi don tsufa, da filaya, da sukudireba biyu, da guntayen tiyo, da gwangwanin madara cike da noti, sai famfunan mai guda uku, kowanne naɗe a tsummansa. Ya bar tuƙi fiye da shekara goma, motar ma tuni 'yan gwangwan suka yanka ta suka auna a sikeli, amma famfunan suna nan. Ni na yi masa karen mota a hutun makaranta tun daga 1993, don haka biyu daga cikinsu na san su da hannuna, har da bakina.

Wanda bai san ƙasarmu ba, tsakanin Dambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, zai yi mamakin rashin daji. Gona tana jikin gona, daga wannan gida kana hango wancan, sai kuka da ɗorawa da gawo jefi-jefi. Ba a barin gona ta huta, saboda babu wata da za a koma. Abin da ya riƙe ƙasar tun kaka da kakanni shi ne taki, abin da ya riƙe taki kuwa shi ne jaki. A da, da rani jakuna kan shiga birni da itace da kara, su fito da mangala cike da shara da toka. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan zirga-zirga a shekarun 1960, rubutunsa ne ma ya sa yankin ya yi suna a jami'o'in waje. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, daga baya manyan motoci suka zo. To amma babbar mota ta attajiri ce, kuma babbar hanya take bi. Daga bakin titi zuwa cikin ƙauye, ta burtali mai yashi, jaki ne da amalanke da kan ɗan Adam.

Wannan tazara ita akori-kura ta zo ta cike. Yadda na ji daga manya, kurar da ake kora ba ta dawa ba ce, kurar turawa ce ta 'yan dako, wadda motar ta zo ta ƙwace wa aiki. A wajenmu dai jaki ta kora, shi ma ba duka ba.

Abubuwa da dama ne suka haɗu a 'yan shekaru kaɗan har Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo, ta zama motar ƙauye. A watan Afrilun 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi zuwa dama, motar Faransa ta zo daidai ba tare da an juya mata sitiyari ba. Kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a farkon 1975. A shekarar ce kuma Janar Gowon ya buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, sai aka riƙa ɗauko sassan motocin ta sama daga birnin Liyon na Faransa, a sauke su a filin jirgin Kano, a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Akori-kurar kuwa, 404 da kuma 504 da ta biyo bayanta, kamfanin SCOA ne ya fi harhaɗa ta a Legas. A ƙauye, fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman kuɗi na da. Madatsun ruwan da aka fara tun zamanin Gwamna Audu Baƙo aka ci gaba da su bayansa, irin su Tomas da Watari da Gari, suka buɗe noman rani. Gyaɗa tana iya jiran jaki wata guda. Tumatir ba ya jiran kowa.

Kawu ya sayi tasa a 1984, 404 ta hannu, daga wani ɗan kasuwa a birni. Ya sayar da shanun huɗa biyu, ya ƙara da adashin matarsa. Mota ce mai giya a jikin sitiyari, injinta a kishingiɗe yake kamar mai hutawa a tabarma, sai ka buɗe bonat ka ga fili, har ƙasa kana gani. Aikinta a mako ya san kansa: Lahadi kasuwar Dambatta da awaki da fasinja a kan buhuna, tsakiyar mako hatsi zuwa Dawanau bayan an kafa ta, da rani kwandunan tumatir zuwa 'Yankaba, a dawo da takin zamani ko langa-langa. Da dare kuma, in naƙuda ta yi tsanani, ƙofarsa ake bugawa.

Daga garinmu zuwa gareji mafi kusa tafiyar rabin yini ce a ƙafa. Saboda haka direban ƙauye na wancan zamani rabin bakanike ne, ko yana so ko ba ya so. Kuma cikin duk abin da kan tsayar da mota a hanya, bayan faci da kwantak, babu kamar famfon mai.

Na farko a adakar shi ne wanda ya zo da motar. Girmansa bai wuce ƙaramar ƙwarya ba, ɓari biyu ne, sama da ƙasa, sukurori sun zagaye shi. Ranar da Kawu ya fara buɗe shi a gabana, a inuwar darbejiyar ƙofar gida, bai yi mini dogon bayani ba. Cewa ya yi, "Kai, ka taɓa zama a maƙera?" Na ce na taɓa. Ya ce, "To zuga-zugi ne." Haka kuwa yake. A tsakanin ɓarin biyu akwai faifan roba mai zare a ciki, shi ne fatar zuga-zugin. A cikin inji akwai sandar ƙarfe mai ƙusumbi tana juyawa, duk zagaye ɗaya sai ƙusumbin ya sa a ja faifan ƙasa, mai ya biyo daga tanki. Sai sifirin ya mayar da faifan sama, man ya wuce kafireta. Akwai 'yan ƙofofi biyu ƙanana, ɗaya shiga kawai take bari, ɗaya fita kawai. Iyakarsa ke nan. Ba ya neman batir, ba ya neman waya, ƙarfin turawarsa ma kaɗan ne, don kafireta ba ta son a matsa mata. Tana da ɗan kofi da abin da ke yawo a kan mai, in kofin ya cika sai allura ta toshe hanya da kanta.

Wannan dabara ba ta Faransawa ba ce su kaɗai. Tun ƙarshen shekarun 1920 irin wannan famfo ya bazu a motocin Amurka. Kafin nan, tsohuwar Ford da ake kira Model T ba ta da famfo sam, tankinta a ƙarƙashin kujera yake, mai yana gangarowa da nauyinsa. In hawa ya yi tsayi sai inji ya fi tanki bisa, dole direba ya juya ya hau da baya. Na ambaci wannan ne don za mu dawo gare shi a hanyar 'Yankaba.

Abin da na koya wajen Kawu ya fi gyara, bincike ne. In mota ta fara shaƙewa a hawa, tana ja tana saki, ba ya taɓa sifana tukuna. Sai ya cire tiyon da ke shiga kafireta ya sa bakinsa a kwalba, ya ce in murɗa makulli. In mai ya fito tsul-tsul da ƙarfi, famfo ba shi da laifi, a nemi ɓarawo a wani wuri. In bai fito ba, sai ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya hura da baki, ni kuma in sa kunne a bakin tanki. In na ji ɓul-ɓul, hanya a buɗe take. Daga nan ya ɗora babban yatsa a mashigar famfon, in sake murɗawa, ya ji ko yana tsotsa. Na ƙarshe, wanda da yawa ke mantawa, ya zaro sandar auna baƙin mai ya shinshina. In faifan ya yage, fetur kan zurara cikin inji ya tsinka baƙin mai. Sai ka ga baƙin mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, wawa ya yi murna, bayan mako biyu inji ya buga.

A shekarun farko gyaran ba wuya. A Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ana sayar da kayan cikin famfo a 'yar leda: faifai, ƙofofin biyu, da takardar da ake sawa tsakanin famfo da jikin inji. Kawu kan ja layi da ƙusa a gefen ɓarin biyu kafin ya kwance, don su koma yadda suke. Ya wanke rariyar ciki da fetur a murfin kwano, ya ɗaure sukurorin ɗaya nan ɗaya can, ba bi da bi ba, don kada faifan ya tattare. In takardar ta yage, kwalin sukari ya isa, a ɗora a jikin famfo a bubbuga da kan sifana har siffar ta fito. Tsakanin azahar da la'asar an gama. Na ga waɗanda suka yanka tsohon tiyub na taya suka yi faifai da shi, irin robar da ake yin guga. Yana kai ka gida, amma fetur na kumbura shi, kwana biyu ya zama kamar danƙo. Kawu ya ce wannan rancen wahala ne.

Akwai kuma ciwon bazara. A watan Afrilu, in rana ta take, mota ta tsaya a shingen 'yan sanda ko a layin kasuwa, zafin inji kan tafasa fetur a cikin famfo ya zama tururi. Zuga-zugin da aka yi don ruwa ba ya iya tura tururi. Sabon direba sai ya kama kwance-kwance. Tsohon direba kuwa tsumma yake jiƙawa da ruwan buta ya lulluɓe famfon, ya koma inuwa ya ɓare goro. Fasinjoji da yawa sun ɗauka wani asiri ne, Kawu kuma bai taɓa gyara musu fahimta ba.

Famfo na biyu a adakar ba shi da sukurori. An matse bakinsa da inji tun daga masana'anta, ba ya buɗuwa sai an ɓarke shi. Shigowarsa ta zo daidai da lokacin da komai ya juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi, har ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kayan gyara na asali suka yi tsada suka yi wuya. Kasuwa ta rabu biyu: ga sabo mai araha wanda ba ka san inda aka ƙera shi ba, ga na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga matattun motocin Turai. Abin ya kai mutum ya fi amincewa da tsoho a kan sabo, har yau kuwa haka ake. Motocin da aka saya don su yi shekara goma suka shiga ta ashirin, ta talatin. Kanikancin ƙauye ya bunƙasa a wannan lokaci, amma talauci ne ya raine shi.

Man ma ya canja. Litar da ake saye kwabo 20 a 1982 ta koma kwabo 39 da rabi a 1986, naira 3 da kwabo 25 a ƙarshen 1993, naira 11 a 1994. Wannan farashin gidan mai ne, gidan mai kuwa sau da yawa babu mai a cikinsa. A ƙauye wajen 'yan bumburutu muke saye, a galan da kwalabe a bakin titi. Wani mai gaskiya ne, wani ya haɗa da kananzir, wani jarkarsa akwai ruwa da yashi a gindi. Kawu ba ya zuba mai sai ta mazurari da ƙyallen atamfa a kai, duk da haka tanki ya yi tsatsa, tsatsar ta riƙa zuwa tana tokare 'yan ƙofofin famfo. Da na da ne, a buɗe a wanke. Wannan kuwa sai dai a jijjiga shi a fetur, a hura, a yi addu'a.

Shi ne ya mutu mana a ranin 1998, lokacin da wahalar mai ta kai maƙura. Mun yi lodin tumatir daga lambunan Tomas tun kafin asuba, kwanduna har sun wuce rufi, kayan mutum huɗu. Mun hau titin Daura zuwa Kano, gari ya fara wayewa, sai motar ta yi tari biyu ta yi shiru. Kawu ya bi matakansa ɗaya bayan ɗaya. Hanya a buɗe, famfo ba ya tsotsa. Ya shinshina baƙin mai ya ce alhamdu lillahi, bai gauraya ba. Ɗaya daga cikin masu kayan, dattijo ne, ya ce, "Direba, in rana ta fito a kan tumatirin nan, mun yi noman banza." Kawu ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, da yardar Allah da shi za a buɗe kasuwa."

Ya zuƙo mai daga tanki da tiyo ya cika galan. Ya ɗauko doguwar tiyo irin ta magina, ya sa baki ɗaya a kafireta, ya fito da ita ta gefen bonat, ya bi da ita ta jikin gilashi zuwa sama. Tiyon tsohon famfon ya toshe shi da ƙusa ya ɗaure da waya. Sannan ya dube ni: "Ɗan nan, hau." Na hau kan rufi na jingina da kwanduna, na rungume galan a cinya. Na tsotsi tiyon har fetur ya cika mini baki, na tofar, aka haɗa. Motar ta tashi a bugu ɗaya. Mun mayar da Fijo zamanin Model T ke nan, sai dai namu tankin ya fi nasu tsayi, kuma yana da hannu da ƙafa. Duk inda galan ya kusa ƙarewa sai in buga rufi, a tsaya a sake zuƙowa. Sanyin hunturu bai gama tafiya ba, yatsuna suka ƙage, duk gyatsar da na yi ranar fetur ce. Mun shiga 'Yankaba dillalai ba su gama shan koko ba.

Ina ba da labarin nan yara su yi dariya, amma ba na so a ɗauke shi abin sha'awa. Ganganci ne. Tiyo ɗaya ta zame a kan salansa mai zafi, ko wani ya kunna taba, an gama. Motoci sun ƙone a hanyoyinmu ta wannan dabara, mutane sun sha fetur ya sarƙe su har asibiti. Masu cewa komai na da ya fi kyau ba su taɓa riƙe galan ba.

Bayan wannan tafiya Kawu ya bi abin da direbobi suka fara yi a lokacin. Ya sayo ƙaramin famfon lantarki na Beljiyam, irin na motocin Japan masu kafireta, ya ɗaure shi a jikin shasi kusa da tanki, ya ja masa waya daga makulli. Da ka murɗa sai ka ji tik-tik-tik yana cika kafireta, ya rage sauri in ta cika. Ciwon bazara ya ragu, don turo mai yake daga baya, ba jawowa daga wurin zafi ba. Illarsa ɗaya, in aka yi haɗari inji ya mutu, shi bai san an yi ba, yana ta zuba. Da wannan famfo motar ta ƙarasa rayuwarta, kuma tare da shi aka yanka ta, shi ya sa ba ya cikin adaka.

Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Har yanzu ranar Lahadi za ka ga ɗaya ko biyu a Dambatta, ƙofa ɗaure da igiya, ana tura ta ta tashi. Amma aikinta ya watsu a hannun wasu: Hilux, da Canter, da J5, da 'yar ƙurƙura, da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Sababbin cikinsu masu shan fetur ba su da kafireta, allurai ne ke fesa mai, kuma suna bukatar matsi da ya ninka na da fiye da sau goma. Saboda haka famfon ya koma cikin tanki, yana nitse a fetur, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Gaskiya motocin nan sun fi tashi da safe, sun fi ƙarancin shan mai. Sai dai in famfon ya mutu, galan a kan rufi ba ya yin komai. Dole a sauke tanki ko a ɗaga bodin baya. Abin da ya rage wa direba na dabara shi ne ya sa kunne ya ji ko yana kuka in an murɗa makulli, ya duba fis, ya bugi gindin tanki da takalmi ko zai farka ya kai shi gari.

Kuma famfo ne da aka yi wa mai cika tanki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, direban ƙauye lita biyar yake saye, in ya samu lodi ya ƙara uku. Famfon yana aiki rabinsa a waje, yana zafi, yana tsotsar dattin gindin tanki. Ɗan Kawu na biyu, wanda ya gaji tuƙin, ya canja uku a shekara biyu. Shi ma da kansa yake yi, a ƙarƙashin darbejiyar nan. Yana sayo ɗan injin cikin kawai, na Sin, da sabuwar rariya, ya cire kan batir, ya sauke tanki a kan tsohuwar taya, in ya rikice ya duba bidiyo a waya. Hannunsa yana da kyau, Kawu ma ya yarda da haka, ko da yake ba a gabansa ba.

Famfo na uku a adakar ɗaya ne daga cikin waɗannan. Ɗan ya jefar da shi a bola, Kawu ya aiki jika ya ɗauko. Ya bar shi a rana kwana uku fetur ya bushe, sannan ya sa zarton ƙarfe ya yanka shi a tsaye. Ina nan ranar, na zo gaisuwar salla. Ya sa tabarau, ya daɗe yana juya abin a tafin hannu, yana tona shi da tsinken tsintsiya. Can ya kira ɗan nasa ya nuna masa wasu 'yan gawayi biyu, irin waɗanda masu gyaran janareta ke kira burushi, sun cinye har sifirin ya fito. Ya ce, "Ka gani? Wannan kaɗai ne ya mutu. Sauran duk lafiyarsu ƙalau." Ɗan ya ce, "Baba, ai ba a sayar da su daban. Ko ana sayarwa, kun riga kun yanka shi." Kawu ya ce ya sani. Ya ce duk da haka in ya shiga Ƙofar Ruwa ya tambaya. Ya tattara gutsattsarin har da 'yan gawayin, ya yagi tsumma ya naɗe, ya ce in miƙo masa adakar.